Hannun Sahadatou

"Ki janye shi, Nazira."

Sahadatou ba ta ɗaga murya ba, ko lallen da take kwaɓawa ba ta ajiye ba. Nazira ta yi turus a bakin ƙofa da waya a hannu, murnar da ta kwaso tun daga unguwar Al-Aziziya ta koma ciki.

Nazira haifaffiyar Riyad ce, aikinta ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata. Sahadatou 'yar Maraɗi ce, mai ƙunshi a unguwar Utaiƙa a nan Riyad. A gidan biki suka haɗu, suka kamu da son juna, son da ko bango ba su yarda ya ji ba. Nazira ta haɗa ɗan gajeren fim, ta aika shi a ɓoye wani biki da ake yi duk shekara a ƙasar waje, na finafinan mata masu son mata da maza masu son maza. Yau aka ce an zaɓe shi, har a intanet za a nuna.

Nazira ta shiga rantse-rantse cewa babu fuska, babu suna, babu murya. Hannaye ne kawai, ɗaya na zana wa ɗaya lalle.

Sahadatou ta ce, "Habibti... a garin nan wa ke ganin fuskar wata? Da hannu muke gane juna. Bilƙisu da ke neman raba ni da masu zuwa ƙunshi, ko daga barci ta tashi ta san zanena, ta san tabon ƙunar nan. Hoto ɗaya za ta tura wa kafilina, wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan. Iƙamata, takardar izinin zamana, ta tafi ke nan, in ma abin ya tsaya nan."

Duk wayewar Nazira, wannan bai taɓa faɗo mata a rai ba. Ta nemi wuri ta zauna. Fim ɗin nan shi ne abu na farko da ta ɗauka don kanta, ba don amaryar wani ba, rabuwa da shi ya yi mata ciwo ƙwarai. Haka ta daure ta gaya wa masu bikin ta janye, sannan ta kai yatsa za ta goge shi.

Sahadatou ta ce, "Tsaya. Ni ban ma gani ba."

Suka saki labule saboda ranar la'asar, suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Sahadatou ta ga yadda kyamara ke bin yatsunta a hankali, kamar mai gudun tada jariri daga barci. Idanunta suka ciko.

"Ashe haka kike kallona?"

"Kullum."

"To kafin ki goge... sake kunna mana."