Ka Zo Ka Kwashe Daɓenka

Ranar da Renske ta karɓi mukullin ɗakin hayarta a birnin Leeuwarden, can arewa, ta tarar da wani saurayi a durƙushe yana ɓanɓare katakon daɓe. Rabin falon ya riga ya koma siminti zalla.

"Malam, lafiya?"

Ya ɗago, duk ƙura a gashinsa. "Ke ce mai shigowa? Sunana Jelte, ni ne mai tashi. Ba wanda ya ce mini kina son daɓen."

"Ni ma ba wanda ya tambaye ni."

Haka haya take a nan: yadda aka ba ka ɗaki haka za ka mayar, sai in mai shigowa ya sa hannu zai gaji kayanka. Jelte ya ce bari ya mayar mata. Sai ga mai gidan, Madam Tolsma, tsohuwar da ke zaune a ƙasa ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ta hauro tana haki.

"Takardarka ta ce siminti, siminti zan gani. Ke kuma 'yata, dokar gidana mutum ɗaya ne. Ban da kwanan baƙo."

Haka ya kwashe katakonsa ya tafi, yana ta ba da haƙuri kamar ya yi sata.

Renske daga Venlo ta zo, can kudu, ta samu aikin jinya. Ba ta san kowa ba. A shago da yarensu na arewa suke hira, in ta matso sai a juya harshe a sallame ta da ladabi. Ta dawo ta zauna a kan katifa, sanyin siminti yana ratsa safarta, ta ci burodi tana kallon bango. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai, har ta koyi barin rediyo a kunne don ta tarar da murya idan ta dawo.

Sati na uku saƙo ya shigo: "Ɓarawon daɓe ne. Katakon yana jibge a rumbun yayana, sabon ɗakina bai ɗauke shi ba. In kin sa hannu wajen Madam, zan shimfiɗa miki ranar Asabar."

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta rubuta: "Na sa. Akwai kofi."

Aikin yini ɗaya ne, kowa ya sani. Amma Jelte layi uku yake jerawa, ya ce gwiwarsa na ciwo, su zauna shan kofi har yamma. Yana kiranta 'Yar Kudu, tana kiransa Ɓarawo. Duk satin ba ta da abin jira sai Asabar.

Da babanta ya ji labari a waya, tsaki ya yi. "Wata uku ana daɓe ɗaya? Ko dai ba ya iya komai, ko ya iya da yawa. Ki dawo gida, Renske. Ɗakinki na nan, asibiti ma muna da shi."

Saura layin bakin ƙofa aikin ya ƙare, Madam ta tare ta a matakala. "Na ga yaron nan ya maida gidana wajen zuwa. Kin san don wa ya sayi katakon? Don wata Hiske da zai aura. Tare suka zaɓi launin. Ko kwana ɗaya ba ta taka shi ba, ta bi wani."

Renske ta hau sama ta tsaya tana kallon ƙasa. Ashe zaɓin wata take takawa. Ta rubuta masa: "Kada ka zo Asabar. Na gode da wahala."

"Me na yi, 'Yar Kudu?"

Ta kife wayar. Shi kuma ɗan arewa ne, in aka ce kada ya zo, ba ya zuwa.

Hunturu ya wuce a haka. Ta sake kunna rediyonta. Da shekarar haya ta kusa cika, Madam ta ce ta faɗi matsayinta kafin ƙarshen wata, zama ko tashi. Renske ta ce tashi. Tsohuwar ta ce, "To, kin san doka. Siminti."

Dole ta nemo lambar da ta yi wata bakwai tana kauce wa. "Zan koma gida. Ka zo ka kwashe daɓenka."

Asabar da safe ya zo. Maimakon ƙarfen ɓanɓara, katako ɗaya ne a hammatarsa.

"Wannan fa?"

"Na bakin ƙofa ne. Tun farko yake bayan motata. Na san in na saka shi ba ni da sauran dalilin zuwa."

"Na Hiske ne, ai. Madam ta gaya mini."

"Don ita na saya, gaskiya ne. Yini ɗaya na shimfiɗa shi a lokacin, ko gwiwata ba ta yi ciwo ba." Ya ajiye katakon. "Ke kuwa wata uku na yi ina ƙaryar gwiwa. Ina sonki, Renske. In Venlo za ki, ki ce in biyo ki da shi."

Hawaye suka zubo mata, tana dariya. "Kai dai ɓarawo ne na gaske. Ba inda za ni. Amma gidan nan mutum ɗaya ne."

"Ba ku karanta takarda, ku yaran yanzu." Madam ce tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ji hawowarta. "Shafi na huɗu: mutum ɗaya, ko ma'aurata."

A watan Yuni aka ɗaura auren a ofishin magajin gari. Baban Renske ya zo, ya taka falon daga bango zuwa bango yana neman inda zai yi ƙara, bai samu ba. Ya dafa kafaɗar Jelte ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ka riƙe mini ita."

Da baƙi suka watse, Renske ta raka Madam ƙasa, ta ce za su kiyaye, ba za su dame ta da motsi ba.

Tsohuwar ta riƙe hannunta gam. "Ni na gaya miki zancen yarinyar nan don in kore shi, ki yafe mini. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya yi dariya a gidan nan. Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yata. Ku dame ni."