Salkar da Ta Kira Masunta

A wani zamani, a wani gari na bakin tafki, masunta ba sa gane hanyar gida cikin dogayen ciyayi sai sun bi sautin algaitar wani tsoho. Ran nan tari ya kama tsohon. Ya busa, numfashi ya yanke. Ya sake busawa, ya yanke.

Ya ce wa wani mai sayar da ruwa, "Ɗana, huda salkarka mu ɗaura wa algaita."

"Baba, ita ke nan gare ni."

Mai ruwa ya dubi salka, ya dubi tafki. Ya zubar da ruwan, ya huda, ya ɗaura wa algaita, ya hura, ya matse ta a hammata. Algaita ta ƙwala ƙara kamar kukan akuya.

Masunta suka bi sautin, suka fito suna tambayar wa ke yanka akuya. Har yau da salka ake busa a garin.