Butar Inna Asta

"Da mi kinka wanke ta?"

"Da toka... sai na matsa lemun tsami, na goge da soson ƙarhe."

Bara'atu ta faɗa tana murmushi, don har lokacin jira take mijinta ya yaba mata. Jelani bai yi murmushi ba. Ya buɗe murfin 'yar butar shayin ya leƙa ciki. Fes! Har fuskarsa yana gani a gindinta.

"Innalillahi... Bara'atu, kin kashe ni."

"Mi niy yi? Baƙi ƙirin cikinta yake, wallahi ko tukunyar tuwo ba ta kai ta ba! Na ce bari in gyara ma Baba kahin shi dawo kasuwa."

"Ba a wanke cikin butar shayi! Ɗauraya kawai aka yi da ruwa. Baƙin ga da kinka kankare shi na ɗanɗanon!" Ya dafe kai. "Kuma butar Inna ta."



Wata biyu ke nan da aka kawo ta Shinaka daga Wurno. A gidan mahaifinta Malam Halilu, shayi a tukunya ake dafa shi, a jefa citta da kanumfari, a tace a flas, mai son madara ya zuba. Malam kansa gahawa yake sha da dabino tun da ya dawo Makka. Kuma duk abin da baki zai taɓa, sai ya sha toka har ya yi ƙyalli. Haka aka tarbiyyantar da ita.

Nan kuwa surukinta Baba Sodangi ba ya yarda kowa ya dafa masa. Kullum da hantsi zai zauna gindin dogon yaro, ya hura gawayi, ya ɗora 'yar shuɗiyar butarsa. Ruwan farko mai ɗaci, na biyu mai daɗi, na ƙarshe sakwa-sakwa. Ba ya magana sai ya gama.

"Ranar da ruwan dam yac ci tsohon mazauninmu," in ji Jelani, "kowa na ta ɗibar hatsi da tabarmi, Inna wagga buta taƙ ƙulle ga bakin zane. Da ita taka dahwa mishi har Allah Ya ɗauke ta. Cewa shikai in ya kurɓa, hannun Asta shika ji."

Kafin ta buɗe baki, sallamar tsohon ta shigo gidan.

Ya jingine sandarsa, ya miƙa hannu. Jelani ya ba shi butar kamar mai miƙa gawar jariri. Baba Sodangi ya buɗe, ya duba, ya kai hanci ya shinshina. Ya daɗe a haka.

Bara'atu ta zube ƙasa.

"Baba, don Allah... ban sani ba..."

"Sannu da aiki, ɗiyar Malam."

Abin da ya ce ke nan. Ya ajiye butar a kan katanga, ya shige ɗakinsa. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Washegari ba a hura gawayi ba. Jibi ma haka. Tsohon ya riƙa ɗaure rawani tamau don ciwon kai, idanunsa suka faɗa, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Bara'atu ta zage ta dafa irin nasu na Wurno, ta sa citta har da masoro, ta kai masa a flas ɗin garar aurenta. Ya buɗe, ƙamshin ya bugi hancinsa, ya rufe.

"Mayas da abinki, ɗiyar Malam. Ni ba mura nika yi ba."

Jelani ya tafi Goronyo ya sayar da albasa, ya dawo da sabuwar buta shuɗiya sak irin waccan. Tsohon ko kallonta bai yi ba. Da mako ya zagayo sai ya kira ɗansa ya ce zai koma Rabah wurin ƙanensa Atiku, wai iskar gidan ta yi masa nauyi.

Maganar ta riga ta fita. A bakin fanfo mata suka yi shiru da Bara'atu ta iso, wata ta ce da 'yar'uwarta, "Ke, ɓoye bokitinki, kada a wanke miki shi har ki bar gari."

Da la'asar Jelani ya dawo daga gonar rani, laka har gwiwa. Bai zauna ba.

"Ki shirya kaya kaɗan. Gobe in kai ki Wurno ki kwana biyu."

"Wurno?"

"Har zuciyatai ta huce. In bai gan ki ba, wataƙila shi hwasa tahiya."

"Sakina za ka yi, Jelani?"

"Wa yac ce saki?!"

"To amaryar da tak koma gida wata biyu da biki, mi aka ce mata a Wurno? Kwana biyu? Innata ta tambaye ni laihina in ce mi? In ce buta niw wanke?"

"Masoyiya, ki dube ni..." Ya riƙo hannunta. "Wallahi ke ta hasken gidan ga. Amma ubana na! In yab bar gidan da yag gina saboda matata, da wane ido za ni kalli mutanen Shinaka?"

"Ni kuma da wane ido za ni kalle ka?"

Ya saki hannun. Ya fita, ita kuma ta kifa kai a kan akwati ta yi kuka har muryarta ta shaƙe. Ta san Jelani na sonta. Ta kuma san in tsohon ya hau mota, ko ita ta hau babur, wani abu ya tsinke ke nan da ba ya ƙulluwa.

Da hantsi Jelani ya fito da babur ƙofar gida. Jakarta na tsakar gida, ƙunshin kayan Baba Sodangi na bakin ɗakinsa. Kowa jira yake ya ga wanda zai fara fita.

Bara'atu ta fito da mayafinta. Maimakon ƙofa, sai ta nufi katanga ta ɗauko butar.

"Bara'atu! Aje ta!" Jelani ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ba ki gaji da jawo muna magana ba?"

Ba ta waiga ba. Ta je gindin dogon yaro, ta durƙusa gefen buzun tsohon, ta hura gawayi. Wata biyu tana leƙensa ta jikin zana, ta ga yadda yake yi. Ta auna ganye a ƙaramin kofin gilashi, ta zuba ruwa, ta ɗora. Ya tafasa ta sauke, ta mayar. Ta sa sukari. Da ta ɗaga butar sama don ta tsiyayo ya yi kumfa, sai ta kuskure kofin, rabin shayin ya zube a ƙasa, ya ƙone mata yatsa. Ta cije leɓe ta sake.

Inuwa ta faɗo a kanta. Baba Sodangi ne tsaye, ya dogara sanda.

Ta miƙa kofin da hannu biyu, kanta a sunkuye.

"Baba, abin da niɓ ɓata ba ni iya maido shi. Inna Asta ban san ta ba, amma na cuce ta, na cuce ka. Ka sha ko kurɓi guda na... sa'an nan in tahi."

Jelani ya ƙame a bakin zaure kamar an dasa shi.

Tsohon ya zauna a hankali. Ya karɓa. Ya kurɓa, ya yamutse fuska.

"Ƙarhe nika ji."

Hawayenta suka zubo.

"Ba kumhwa. Sukari ya yi yawa. Ganyen ko bai nuna ba." Ya sake kurɓa. "Ba daɗi ko kaɗan."

"Ka yi haƙuri, Baba..."

"Haka na Asta yake ranar da nis sawo mata butar ga kasuwar Goronyo." Ya zuba wa kofin ido, gemunsa na motsi. "Haka sak. Ƙarhe da sukari. Na sha ina zagi cikin zuciya, ita ko tana tambayata, ya yi daɗi? Na manta da wanga ɗanɗano... sai yau."

Ya shanye har ƙasa. Ya goge ido da bakin rawani kamar hayaƙi ne ya shiga, sannan ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Kai, mai babur! Mayas da shi ciki, ka kwance min kayana. Ba mai zuwa Rabah, ba mai zuwa Wurno." Ya tura mata butar da kofin. "Ɗiyata, ɗora ruwa na biyu. Ke kinka wanke ta, ke za ki baƙanta ta. Daga yau ba mai dahwa min shayi gidan ga sai ke!"