Mai Riƙe Waya a Kana

Nathaniel ya fara ganin Esther ne a shagonsa na gyaran waya da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ranar da ta kawo wayar mahaifinta da ta faɗa cikin kofin kunu. Ya ce ta dawo bayan kwana uku. Aikin bai kai na minti ashirin ba, amma ba shi da wata dabarar sake ganinta. Sai ranar Lahadi ya gano ashe cocinsu ɗaya: ita tana layin mawaƙa, shi kuma shekara biyu yana bencin baya kusa da fanka.

Kafin damina ta fita yana kiranta Tauraruwata, ita tana kiransa Injiniya, rabi zolaya rabi gaske.

Matsalar ita ce Mama Rifkatu, mahaifiyar Esther, shugabar zumuntar mata. Ta ce ba ta ga aibun yaron ba, sai dai ɗan Pankshin ne ta jihar Filato, su kuwa mutanen Zonkwa ne, kuma babu wanda ya san gidansu balle a yi bincike. Wanda take so shi ne Inuwa, ɗan dattijon ikilisiya, wanda ya je Urushalima sau ɗaya shekara shida da suka wuce, kuma tun daga nan kowace hirarsa sai ta bi ta Kogin Urdun. Mijinta Baba Sama'ila, tsohon malamin makaranta, ya ce shi abin da Mama ta ce. Shekara talatin da huɗu yana faɗin haka, kuma lafiya lau yake zaune.

Ana cikin haka cocin ta shirya ziyarar Ƙasa Mai Tsarki. Aka sa sunan Nathaniel domin dattawa suna bukatar mai ɗaukar hoto da mai haɗa musu waya da gida. Saura mako guda likita ya hana Baba tafiya saboda hawan jini, Mama ta shirya ita kaɗai.

"Ka kula min da Mama," in ji Esther ranar tashi.

"Ai ko ganina ba ta son yi."

"Ni ban ce ita ta kula da kai ba, Injiniya."

Ya kula kuwa. A Baitalami ya ɗauki jakarta, ta gode masa da sunan da ta raɗa masa, ɗan Filato. A Tekun Galili aka shiga kwale-kwale, Gloria, wata mawaƙiyar cocin mai tsoron ruwa, ta ƙanƙame hannunsa, wani ya ɗauki hoto ya saka a zauren cocin na waya. Inuwa, da yake mai taimako ne, ya tura wa Esther ko ba ta gani ba.

Saƙonta ya iso da yamma: "Na ga hoto. Allah ya ba da zaman lafiya. Ka gaishe ta."

Ya mayar: "Tauraruwata, tsoron ruwa take ji. Fasto ma ta riƙe masa riga, shi ne dai ba a ɗauka ba."

Kwana biyu ba amsa.

A rana ta uku suka isa Kana ta Galili, inda Yesu ya halarci biki. Jagoransu ya ce al'ada ce ma'aurata su sabunta alkawarin aurensu a nan. Nan da nan ma'aurata tara suka jeru gaban Fasto, har da waɗanda tun filin jirgin Kano ba su yi wa juna magana ba.

Nathaniel ya koma baya don ya sami hoto mai kyau, sai ya ga Mama ita kaɗai a benci, sanye da sabon leshi. A cinyarta ga rigar Baba a ninke, irin yadin nata. Ba ta dube shi ba, ta ce tun shekarar aurensu Malam yake cewa zai kawo ta nan.

Ya kira Esther, ta katse. Ya rubuta: "Ki ɗauka. Ba don ni ba, don Mama. Ki kai wa Baba wayar yanzu."

Ta ɗauka. Baba yana falonsa a Tarauni da singileti, ya ce ba zai yi aure a haka ba, sai da ma'aurata tara suka jira ya sa riga da hula. Nathaniel ya shiga layin mazaje ya tsaya daura da Mama, ya ɗaga wayar.

"Ƙara sama," in ji Mama. "Malam ya fi haka tsawo."

Fasto yana faɗa suna maimaitawa. Sabis ya ɗauke daidai kan cikin ciwo da cikin lafiya, ya dawo, ya sake ɗaukewa, har sai da Baba ya yi wannan alkawarin sau uku. Hannun Nathaniel ya gaji, bai sauke ba. Da Fasto ya ce kowa ya kama hannun abokin zamansa, Mama ta duba ba ta ga abin kamawa ba, sai ta riƙe wuyan hannun ɗan Filato. Hawaye suna zubo mata, ba ta goge ba.

Da aka shafa addu'a Baba ya tambayi wa ke riƙe da shi. Aka gaya masa.

"Rifkatu," ya ce, "ni dai na gama bincikena."

"Ni ban gama ba."

Amma a mota ta zaunar da Nathaniel kusa da ita. Daga Kana har Urushalima ta tambayi sunan mahaifinsa, da kakansa, da ƙauyensu, da faston da ya yi masa baftisma. Yana cikin amsawa wayarsa ta yi ƙara: "Injiniyana, na yafe maka laifin da ba ka yi ba. Kada ka sake."

Bayan dawowa Mama ta tura mata biyu na zumunta Pankshin. Suka kwana huɗu suna neman aibu, suka dawo da buhun dankali da gaisuwar mahaifiyarsa.

An ɗaura auren bayan Kirsimeti, coci ta cika har waje. A wurin liyafa Mama ta kama hannun Esther ta sa cikin na Nathaniel.

"Ga ta nan, ɗana. Ka kai ta Kana da ƙafarka tun gwiwa tana da ƙarfi, kada ka jira likita ya sa baki."

Baba ya riga kowa cewa amin. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.