Kangon da Injiniya Ya Rushe Cikin Kwamfuta

Ku matso, ku ukun nan. Babba, kife wayar nan. Ba kwa gari lokacin da abin ya faru, kuma na gaji da jin kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama.

Kun san tsohuwar kwamfutar mahaifinku, wadda nake buga wa mutane takardu da ita a shagon ƙofar gida. Ba wanda ya koya mini, da yatsa biyu na ƙware. Ta tsufa, kafin ta tashi sai na share shagon na dawo. Ƙanenku, wanda kuke kira Injiniya, ya ce zai rage mata kaya. Wai a can cikin zuciyarta, abin da suke ce wa kanal, akwai direbobi ɗaruruwa, kowanne yana jiran wata na'ura: wannan na kyamara, wancan na firintar da muka sayar tun kuna makaranta. Ya ce, "Mama, duk kangaye ne, ba kowa a ciki." Da bakinsa ya ce kango, amma kunnensa bai ji ba. Ya buɗe jerin direbobin, ya zauna yana cire alamar gaban sunansu ɗaya bayan ɗaya, ba sallama, ba bisimilla, ya sake haɗa kanal ɗin. Kwamfuta ta tashi kamar sabuwa.

Da magariba ta kawo jiki, gidan ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Can sai wani. Na leƙa titi, ba kowa. Daga cikin shago kuma, a kulle, muka ji kukan tsohuwar firintar nan, ƙiiit, ƙiiit, wadda ta bar gidan nan shekara goma sha biyu.

Kwana na uku ƙanwarku Auta ta daina cin abinci. Takan tsaya bayan kwamfutar a kashe, tana shafa ramin da ake soka wayar firintar a da. Injiniya ya ce zazzaɓi ne. Na ce, "Zazzaɓin ne ke jifa?" Na aika aka kira malam mai ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu. Da Auta ta ɗago, muryar tsoho ce ta fito.

"Wa ya rushe mana ɗakuna?"

"Su wa ke magana?" in ji malam.

"Mu da ke zama inda aka daina shiga. Shekara goma sha biyu, ko takarda ɗaya ba mu ɓata muku ba. Ko gyaran murya bai yi mana ba."

"Ku fita daga jikin yarinyar nan."

"A mayar mana da duka."

Injiniya dai bakinsa bai mutu ba. "Duka? Ai nauyin zai dawo." Na ce ya rufe mana baki.

Malam ya ce, "Gida na masu gida ne. Ɗaya za a mayar."

Muryar tsohon ta sake fitowa.

"Na firintar. Ranar da aka sake rushe shi kuwa, mun san hanyar ɗakin yarinyar."

Injiniya ya mayar da alamar, wannan karon da bisimilla. Minti arba'in rubutu na gudu a allo, Auta na kwance ido a kafe. Kwamfuta na tashi Auta ta yi atishawa uku, ta ce yunwa take ji.

To, ga abin da na tara ku a kai. Injiniya ya ce sabon kanal ya fito, in ba a sabunta ba ɓarayin intanet za su shigo mana. Na sa ya buɗe mini jerin, na bi da yatsa har ƙasa. Masu yin sa sun cire direban firintar gaba ɗaya, babu ma alamar da za a mayar. Shi kuma ya koma cewa zazzaɓi ne ya sauka.

Jiya da magariba na tarar da Auta tsaye a ƙofar shago, ta kara kunnenta a jikin katakon.

Makullin yana ƙuguna. Ni Injiniya ya daina jin maganata, ku kuwa yayyensa ne. Ku yanke mana wannan magana yau, kafin ya samo kafinta ya ɓalle ƙofar.