Direban da Ya Yi wa Kusoshin Taya Fenti

A wani zamani an yi wani direba mai tsananin son ƙawa. Da aka ce shi zai kai surukinsa ɗaurin aure, sai ya ɗora motar bisa duwatsu, ya kwance tayoyi, ya shafe ta da fenti har kusoshinta.

Da safe ya zo mayar da tayoyin, ya murɗa noti, noti ya ƙi. Ya sake murɗawa, noti ya ƙi.

Matarsa ta ce, "Maigida, fenti ya cike haƙoran kusoshin, kankare shi."

Ya ce, "In ɓata adona? Faufau!"

Ana haka surukin ya iso, ya shige motar tana bisa duwatsu, barci ya kwashe shi. Kunya ta kama direba, ya durƙusa yana kankara har azahar.

Tsoho ya farka ya ce, "Madalla da tuƙinka, ko gargada babu! Mun iso?"