Sun Fasa, Ba Mu Fasa Ba

Sufeto bai gama rataye hularsa ba wayar da ke kan kantar caji ofis ta yi ƙara. Saje ne ya ɗauka, ya saurara, sannan ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, an fasa situdiyon 'Yan Ƙarshen Layi. An rotsa wa mai kiɗansu kai, yana asibiti." Ya rage murya. "Wai mu ne muka yi."

Babu wanda ke buƙatar a gaya masa su wane ne 'Yan Ƙarshen Layi. Samari ne masu waƙar hip-hop da suka tashi a bayan gareji, suna buga ƙofar matacciyar mota a madadin ganga. Bara suka saki waƙar da ta juya gari, mai suna "Me Ka Ɗauko?", a kan abin da direbobi ke gani a shingen 'yan sanda.

Me ka ɗauko? Na ɗauko gumina.
Me ka ɗauko? Abincin 'ya'yana.
Ka ce in sauka, na sauka, ranka ya daɗe,
To hannunka me ya kai shi aljihuna?

Waƙar ta shiga kowace motar haya da kowane shagon aski. Kamfanin waya ya saye ta ya mayar da ita sautin kira, gidajen rediyon ƙasashen waje suka ɗauka, aka ba su kambun waƙar shekara. Da abin da ta kawo suka gina situdiyo, suka fitar da iyayensu daga gidan haya.

A caji ofis ba a son jin ta. Sufeto kuwa a unguwar yaran ya girma, kuma ranar da aka miƙa musu kambu a talabijin, sai da ya tashi tsaye a falonsa, matarsa tana yi masa dariya. Bai taɓa faɗa wa kowa a wurin aiki ba.

Shugaban ofis ya leƙo daga ɗakinsa, fuska a murtuke.

"Idan namu ne, ka kawo min shi. Idan ba namu ba ne, ka kawo min shi kafin a ƙona mana ofis."

Suka tarar da jama'a sun cika ƙofar situdiyo. Da aka ga kaki, sai aka fara rera amshin waƙar da ƙarfi, ana nuna su da yatsa. Sufeto ya ratsa a hankali, yana gaishe da waɗanda ya sani.

A ciki mutum biyu ne. Tsinke, jagoran mawaƙan, siriri kamar sunansa, yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Yayansa, wanda kowa ke kira Manaja, yana tsaye da waya a kowane hannu.

"Kun zo ganin aikinku?" in ji Manaja.

"Na zo ganin aikin wani. Me aka ɗauka?"

"Kwamfutar da sabbin waƙoƙinmu ke ciki. Sauran kuma ga su nan, idonka ya gaya maka."

Sufeto ya zagaya ɗakin. Sifikun sauti biyu a farfashe, kujeru a kife, gilashin taga a ƙasa, ga jini a gefen teburi. Ya durƙusa ya duba sifikun. Tsofaffi ne, an sha ɗaure su da waya. A jikin bango kuwa ga sabuwar na'urar haɗa sauti, ko ƙura ba ta hau ta ba. Kambun waƙar shekara yana kan kantarsa yana sheƙi.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Tsinke, da Kurma mai kiɗa. Amma kwaɗon ƙofar yanke shi aka yi, ba ka gani ba?"

"Na gani. Kubar ciki fa? Ita ba a ɓalle ta ba."

"Mantawa muke yi da ita."

Tsinke ya ɗago kai. "Ni na kulle ta jiya, Yaya."

"To ka manta ne, kanka ba ya tare da kai."

Manaja ya jawo wata leda daga aljihun teburi ya jefa wa Sufeto. Hular 'yan sanda ce, baƙa, da bajonta.

"A bakin ƙofa muka tsince ta. Na riga na ɗauki hotonta, duniya ta gani."

Sufeto ya juya cikin hular. Babu dattin gumi, babu sunan mai ita. Ya shinshina, ƙamshin sabon yadi ne. Ya mayar da ita cikin leda.

A asibiti, Kurma yana kwance da bandeji a goshi. Ba kurma ba ne, abin sauraren da ba ya rabuwa da kunnensa ne ya jawo masa sunan. Mahaifiyarsa tana gefen gado tana yi masa fifita.

"Sannu, ɗana. Me ya kai ka situdiyo da sassafe haka?"

"Wani kiɗa ne ya zo min, Yallaɓai. Na ce bari in je in ajiye shi kafin ya gudu."

"Wa ka tarar?"

"Ban ga kowa ba. Ta baya aka buge ni."

"Ta baya." Sufeto ya dubi bandejin. "Amma goshi ya fashe."

Kurma ya juya fuska wajen bango.

"Kaki ka gani?"

Kurma ya taɓa bandejin goshinsa. Can ya ce, "Ban ce na ga kaki ba. Ban ce wa kowa haka ba."

"To wa kake karewa?"

"Kaina yana ciwo, Yallaɓai."

Mahaifiyar ta ajiye mafici. "Ranka ya daɗe, yaron nan tun yana goye ba ya iya ƙarya, sai dai ya yi shiru. Ka bar shi ya huta."

Suna fitowa ƙofar asibiti, wata mata ta tare su da riguna a kafaɗa. Baƙaƙe ne masu gajeren hannu, da hoton mawaƙan a ƙirji, a ƙasa an rubuta da fari: SUN FASA, BA MU FASA BA. Rabin matasan da ke wurin sun riga sun saka.

Saje ya karanta ya gyaɗa kai. "Gaskiya wanda ya tsara maganar nan gwani ne."

"Kuma mai sauri ne," in ji Sufeto. Ya goga yatsa a kan rubutun. Fentin ya bushe ƙarau. "Baiwar Allah, a ina kika saro?"

Shagon mai buga riguna yana bayan kasuwa, ɗaki ne mai warin fenti da igiyoyin shanya daga bango zuwa bango. Mutumin yana ganin su ya fara goge hannu a jikin wando.

"Yau da safe aka kawo aikin, na yi sauri na buga."

"Da hannu kake bugawa?"

"Da hannu."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya taɓa wata rigar makaranta da ke rataye. Fenti ya kama yatsansa.

"Wannan yaushe ka buga ta?"

"Jiya da yamma."

"Ta jiya ba ta bushe ba, ta yau ta bushe har ta kai kasuwa. Malam, akwai yaro kwance a asibiti. Kana so sunanka ya shiga wannan fayil ɗin?"

Mutumin ya zauna a kan bokitin fenti. "Tun farkon mako ne. Manaja ya kawo da kansa. Ya ce sunan sabon faifai ne, kada in nuna wa kowa. Da na ji labari yau, wallahi na rasa inda zan sa kaina."

A mota Sufeto ya ce, "Saje, kana da bidiyon waƙar nan a wayarka?"

"Ni? Haba, Yallaɓai."

"Buɗe."

Saje ya buɗe yana sosa ƙeya. A bidiyon, 'yan wasa ne sanye da kayan 'yan sanda suna tare mota. Sufeto ya sa aka tsayar da hoton daidai fuskar ɗaya daga cikinsu, ya fito da hular daga leda ya jera. Bajon iri ɗaya ne, kuma tsuntsun da ke jikinsa hagu yake kallo.

"Duba taka."

Saje ya cire hularsa ya duba. Nasa tsuntsun dama yake kallo.

"Telan da ya ɗinka musu ya san doka, bai yarda ya kwaikwayi bajon gaskiya ba," in ji Sufeto. "Juya motar."

Jama'ar ƙofar situdiyo sun ninka. An kawo mota da lasifika, ana shirin tafiya caji ofis. Wasu matasa a gefe suna tara duwatsu a cikin riga.

Sufeto ya shiga ya rufe ƙofa. Manaja yana waya da wani ɗan jarida, Tsinke yana tsaye a taga, shi ma da baƙar rigar a jikinsa.

"Manaja, ajiye wayar. Kayan da aka yi bidiyo da su, suna ina?"

"Mun mayar wa tela."

"A'a, Yaya," in ji Tsinke. "Suna but ɗin motarka. Kai ka ce za su yi amfani wata rana."

"Ka yi min shiru."

Sufeto ya ajiye hular a teburi, ya ajiye rigar da ya saya a ƙofar asibiti kusa da ita. Ya yi bayani dalla-dalla, ba tare da ɗaga murya ba: kubar da aka buɗe da makulli, tsofaffin kayan da aka zaɓa aka fasa aka bar masu tsada, tsuntsun da ke kallon hagu, da rigar da aka buga kafin a fasa komai.

"Ba ni makullin mota."

Manaja bai motsa ba. Tsinke ne ya zo ya sa hannu a aljihun yayansa ya zaro makullin, ya miƙa wa Saje. Ba a jima ba Saje ya dawo rungume da kwamfuta, an naɗe ta cikin rigar 'yan sanda ta wasa.

Manaja ya zauna a kujerar da ba a kife ba.

"Waƙar ta fara sanyi," ya ce, idonsa a ƙasa. "Rediyo sun koma waƙoƙin soyayya. Kamfanin waya suna ja da baya a kan sabon faifai. Na ce a raina, ai ba ƙarya na ƙirƙira ba, abin da ake yi wa mutane kullum ne. Sai dai a ce na ɗan tuna wa gari."

"Kurma fa?" in ji Tsinke.

"Ban san zai zo ba. Ya tarar da ni da guduma a hannu, ya riƙe ni yana cewa Yaya me kake yi. Ture shi kawai na yi, goshinsa ya haɗu da teburi." Ya dubi Tsinke. "Ni na kira motar asibiti kafin in tafi. Ni na sayar da babur ɗina na saya muku makirufon farko. Duk don ku na yi."

"Na sani ka sayar, Yaya. Ba zan manta ba har in mutu. Amma mutanen da ke waje, sun yarda da mu ne don ba mu taɓa yi musu ƙarya ba. Yanzu da wani ya jefi ɗan sanda aka harbe shi, ɗan wa za mu ce ya mutu, kuma a kan me?"

Sufeto ya ce, "Zan iya fita da shi ta ƙofar baya. Sanarwa kuma ofis zai yi."

"Idan ku kuka faɗa, babu wanda zai yarda, Yallaɓai. Ka yi haƙuri, amma ka san haka ne," in ji Tsinke.

"Na sani."

Tsinke ya cire baƙar rigar ya ajiye, ya fita da singileti. Ya hau kan motar lasifika ya karɓi makirufo. Jama'a suka ɗauki sowa, ya ɗaga hannu har suka lafa.

"'Yan uwa, ba 'yan sanda ne suka fasa mana situdiyo ba. Daga cikin gidanmu ne. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ya amsa da bakinsa. Duk abin da muka faɗa a waƙarmu gaskiya ne, gobe ma za mu sake faɗa. Amma wannan ba su suka yi ba, kuma ba za mu ci abinci da ƙarya ba. Wanda ya ɗauki dutse ya ajiye."

Sai aka fara jin faɗuwar duwatsu a ƙasa, nan ɗaya, can ɗaya. Wani tsohon direba a gaba ya cire hularsa ya ɗaga ta sama.

Sufeto yana bakin ƙofa yana kallo. Ya daɗe a aikin nan, ya ga manya da yawa a gaban makirufo, bai taɓa ganin wanda ya yi abin da wannan siririn yaron ya yi ba. Sai ya gyara tsayuwa kamar mai jiran faretin girmamawa.

Manaja ya miƙo hannuwansa da kansa, Saje ya sa masa ankwa. Ta ƙofar gaba suka fito, jama'a suka dare gida biyu, babu wanda ya zage shi. Tsinke ya sauko ya raka shi har mota, ya dafa masa kai don kada ya bugi ƙarfen ƙofa.

"Zan je in gaya wa Inna da kaina, Yaya. Daga can zan samo maka lauya."

Manaja ya gyaɗa kai, hawaye na bin fuskarsa.

Tsinke ya juyo wajen Sufeto. "Na gode, Yallaɓai. Amma kada ka ɗauka zan janye waƙar."

"Ranar da ka janye ta, ni da kaina zan zo in kama ka," in ji Sufeto.

Ya shiga gaba ya rufe ƙofa. Saje ya tayar da mota, suka ratsa tsakiyar jama'a a hankali, suka nufi caji ofis da Manaja a baya.